Ranar da Firintar Malam Sada Ta Ƙi Fuskar Mama Lami

Duk wanda ya taɓa kai takarda bugu Ƙofar Durbi a Katsina ya san Malam Sada, kuma da wuya ka samu wanda ya fito daga shagonsa yana yabon halinsa. Aikinsa dai ake yabo. Mutum ne dogo, siriri, mai ɗan gemu da tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya, Allah kuma ya zuba masa faɗa har ya yi yawa. Ka kawo masa wasiƙar neman aiki, sai ya karanta ta da ƙarfi a gaban jama'a, ya tambaye ka makarantar da ka yi, ya ce malamanka sun ci amanar iyayenka. Za ka tsaya kana haɗiyar baƙin ciki. Amma in ya gama ya miƙo maka, ko waƙafi ba za ka samu a inda bai dace ba.

Asalinsa ɗan wani ƙauye ne a bayan Rimi. Yana da shekara goma sha bakwai kawunsa ya kawo shi birni, ya samar masa aikin masinja a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Aikinsa kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan da sayo wa manya goro, shi kuwa idonsa na kan tafireta. In an tashi aiki sai ya laɓe ya cusa tsohuwar takarda yana ƙwanƙwasawa da yatsa biyu, har matar da ke da tafiretar ta gaji da korarsa ta koya masa. Daga nan ya hau kujerar, ya yi shekara ashirin da shida a kanta. Bai yi gida biyu ba, bai yi mota ba, ko kujerar Makka ba ta taɓa faɗowa kansa ba. Abu ɗaya ya tara a duniya, kuma shi yake taƙama da shi dare da rana: kowa ya san Sada ba ya ha'intar takarda. Ko ta maƙiyinsa ce, yadda aka ba shi haka za ta fito.

An kuwa gwada shi. Shekarar da aka kawo kwamfutoci ma'aikatar, aka ce a rage masu tafireta. Wanda aka ɗora wa haɗa sunayen wani jami'i ne ɗan kudancin Kaduna, Mista Ayuba, mutum mai sanyin magana da guga a riga, wanda Sada ya girme shi da shekara goma. Ya rubuta sunayen da biro, kuma saboda kwamfutocin suna cikin kwali ba a haɗa su ba, sai ya miƙa wa Sada ya buga. Sunan Sada ne na huɗu. Ya buga shi tsaf, ya ja layi a ƙasa, ya kai tebur ya ajiye, tun daga ranar kuma bai sake ce wa Ayuba ko sannu ba. Wai umarni ne daga sama, wai Ayuba ba shi da ta cewa. Wannan ka faɗa wa wani, ba Sada ba.

Matarsa, Halimatus Sa'adiyya, ta so ya koma gona. Shi kuwa don tsabar haushi, yana da shekara hamsin ya je ya zauna cikin yara ya koyi kwamfutar da ta kore shi. Ya sayi tsohuwa guda da firinta mai baƙin bugu, ya kama shago kusa da Tanko mai faci, ya ci gaba da abin da ya iya: takardun rantsuwa, yarjejeniyar cinikin fili, wasiƙun ƙorafi, jarrabawar makarantun unguwa. Sai dai yana da ƙa'ida. Ba ya karɓar aikin da wani ya riga ya buga. Ka zo da filashinka, ɗan abin nan da ake ɗauko aiki a ciki a soka wa kwamfuta, zai nuna maka ƙofa, ya ce ba a zuba wa kwamfutarsa cuta ba. Kawo rubutunka a takarda, shi zai buga da hannunsa tun daga bisimilla har ƙarshe. Shekara goma sha shida yana kan wannan, da wuya ya karya ta sau ɗaya a shekara.

Wata Alhamis da safe ya karya ta. Kwana biyu babu wuta a rabin gari, kuma a duk layin shi kaɗai ke da janareto mai tashi. Bai gama share bakin shago ba sai ga wata mata matashiya ta sauko daga babur, da baƙin ɗankwali, idonta ya kumbura. Ta durƙusa ta gaishe shi da Hausa mai kyau, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, sannan ta ce sunanta Peace, malamar firamare ce, daga unguwar Kambarawa take. Kakarta ce ta rasu. Za a ɗauki gawar daga asibiti ƙarfe goma a tafi da ita ƙauyensu can wajen Zonkwa, kuma dole a tashi a kan lokaci don kada duhu ya riske su a hanya. Ta haɗa ɗan littafin jana'iza, shafi takwas, mai tarihin marigayiyar da waƙoƙin da za a rera a coci, ana son ɗari da hamsin. Ta zaga shaguna huɗu duk a rufe.

Ya ce mata ba ya karɓar filashi. Ta ce ta ji labari, amma don Allah. Ya ce ko shugaban ƙasa ne ba ya karɓa. Ta tsaya kawai tana kallonsa, ba ta tafi ba. Ya ja tsaki mai tsawo, ya fizge abin daga hannunta ya soka a kwamfuta.

Aikin ya buɗe. A bangon farko an jera furanni sama da ƙasa, a tsakiya hoton wata tsohuwa mai wushirya da ɗaurin ɗankwali babba, tana dariya, a ƙasa an rubuta Mama Lami da shekarar haihuwa da ta rasuwa. Sada ya gangara yana duba kurakurai kamar yadda ya saba, ya gyara biyu ba tare da an sa shi ba. A shafi na uku ya iso jerin 'ya'yan da ta bari. Ya tsaya a kan na farko, ya ɗaga tabarau, ya sake karantawa. Ya tambaye ta ko wannan Ayuban shi ne wanda ya yi aiki a ma'aikata kaza. Ta ce shi ne, mahaifinta ne, ashe Baba ya san shi? Ya ce ya san shi. Ya yi mata gaisuwar rashi a taƙaice, a bushe, kamar ana cire masa haƙori.

Ya tura bangon farko don gwaji. Firinta ta yi gurnaninta ta turo takarda da ɗumi. Furanni sun fito raɗau, suna ya fito, shekaru sun fito, amma tsakiyar fari fat, babu Mama Lami babu alamarta.

To a nan ne za a faɗi gaskiya, ko da Sada ba zai so a faɗa ba. Da ya ga wannan farin fili, wani sanyi ya ratsa masa zuciya. Daɗi ya ji. Ba shi ya yi ba, bai san abin da ya jawo ba, amma ya ji daɗi, irin na wanda ya ga maƙiyinsa ya zame a bakin kwata. Ya juyo ya dubi Peace ya fara zazzaga mata. Ya ce ai ga irinta nan, shi ya sa ba ya karɓar aikin 'yan zamani, kowa ya taɓa kwamfuta sau biyu sai ya ɗauka ya iya. Ya ce ita ta lalata aikin tun daga gida. Ta rantse a kwamfutar makarantarsu ta haɗa, kuma a can ta taɓa buga irinsa ya fito. Ya ce to ta koma makarantar mana.

Sai ya shiga gyara, amma gyaran ganin dama. Ya buɗe firinta ya zaro tona, wato tawadarta, ya girgiza ta hagu da dama, alhali ya san sarai tonar da ta buga furanni ba za ta kasa buga fuska ba. Ya mayar, ya sake turawa, fari fat. Ya kashe firinta, ya fita ya duba man janareto, ya tsaya ya amsa gaisuwar wani mai wucewa har da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya kunna. Fari fat. Ya zare waya ya hura bakinta ya mayar. Ya kashe kwamfutar gaba ɗaya, ita kuwa tsohuwa ce, kafin ta farka sai ka sha shayi ka wanke kofi. Peace na tsaye tana duba agogon wayarta, wayar kuma sai ƙara take, tana fita tana amsawa tana dawowa. Haka aka ci sa'a guda cur, takardu masu farar tsakiya suka taru a ƙasa.

Ƙarfe tara saura kwata wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin shagon, Ayuba ya fito. Ya tsufa shi ma, kai ya yi furfura, rigar da ke jikinsa ko guga babu. Da ya ɗaga kai ya ga wanda ke zaune a gaban kwamfutar sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Babu wanda ya gaida wani. Ya sunkuya ya ɗauki takarda ɗaya daga ƙasa, ya dube ta, ya ɗauki ta biyu, ya dubi allon kwamfutar inda uwarsa ke dariya, ya sake duban takardar. Ya tambayi 'yarsa, cikin duk shagunan Katsina, wa ya aiko ta nan.

Da an bar su su biyu, wataƙila da abin ya tsaya a harara. Amma Tanko mai faci, wanda bakinsa ba ya taɓa zama wuri ɗaya, ya leƙo da tayar babur a hannu ya ce ai injin Malam ustazu ne, ba ya buga hoton abu mai rai, sai dai fure da ganye. Wasa yake, kowa a layin ya san wasa yake, shi da Sada kullum a haka suke. Ayuba bai sani ba. Ya juyo a hankali, fuskarsa ta canja.

"Malam Sada," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "in da ni kake, ga ni. Uwata ba ta san ka ba, ba ta taɓa yi maka komai ba. Ka sake ta."

"Mi kake nufi, in sake ta?"

"Ka san abin da nake nufi. Fure ya fito, suna ya fito, fuskarta kaɗai ta ƙi. Inji ba ya zaɓe. Mutum ke zaɓe."

Wannan magana ta daki Sada inda ba a taɓa dukansa ba. A zage shi, ya saba. A ce masa mafaɗaci, mai baƙin rai, ya ji ya fi a ƙirga. Amma a ce ya sa hannu ya ɓata takarda da gangan, a bakin shagonsa, a gaban 'yan acaɓa da suka fara taruwa, da mai shayi da ya bar tukunyarsa ya matso? Ya miƙe, ya zaro hotunan fasfo da ya buga a takardun mutane ya watsa a tebur, ya ce a duba, waɗannan duwatsu ne ko mutane. Ya ce wa Tanko ya kwashe tayarsa ya bar masa ƙofa kafin ya ci mutuncinsa. Ya ce wa Ayuba shi ba irinsa ba ne da ke yanka mutum da biro yana murmushi. Ayuba ya ce a bar tone-tone, gawa na jira. Sada ya ce shi ya fara. Peace ta shiga tsakani tana ba kowa haƙuri, babu mai jin ta.

Sai yanzu Malam Sada ya zauna gyara na gaskiya, don yanzu ba littafin Ayuba ake magana ba, sunansa ne a kan tebur. Ya goge tabarau da bakin riga. Ya buɗe wajen da ke nuna yadda takarda za ta fito kafin a buga ta: a can ma tsakiyar fara ce. Wannan ya nuna masa laifin ba na firinta ba ne, tun daga cikin kwamfuta ake hana hoton tafiya. Ya ce Peace ta ba shi hoton shi kaɗai, ta turo daga wayarta. Ya buɗe shi a gefe, ba cikin littafin ba, ya tura. Firinta ta turo Mama Lami cikakkiya, da wushiryarta da komai. Ya ɗaga takardar sama ya juya ta ga 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce ga ustazun inji nan ya buga mace. Wasu suka yi dariya. Ayuba bai yi ba. Ya ce wannan ma ya ƙara nuna ana iyawa, ba a so ne.

Tara da kwata ta yi. Sada ya ce akwai hanya irin ta da: a yanke hoton da almakashi, a manna shi da gam a tsakiyar furannin, a ɗauki kwafi ɗari da hamsin, minti ashirin an gama. Dabara ce mai kyau, kuma da wani ne ya kawo ta da an karɓa. Ayuba ya ce ba za a sa wa fuskar uwarsa almakashi ba, kuma ba a shagon nan ba. Ya ce wa Peace ta zare abinta su tafi, a binne ta babu littafi. Peace ta ce ita ta yi wa kakarta alkawari tun tana asibiti, wannan hoton ma kakar ce ta zaɓa da kanta. Uban ya fita waje yana waya da direban motar gawa, ita ta bi shi tana roƙo. Shagon ya rage daga Sada sai ƙarar janareto.

Ya koma kan bangon farko ya ƙura masa ido. Ya dafa furannin da linzamin kwamfuta ya ja, suka ƙi motsi sai tare da layin rubutu, kamar su ma haruffa ne a jere. Ya dafa hoton ya ja, sai ya taho salin-alin, duk inda ya kai shi nan yake zama, a saman rubutu, a gefe, ko'ina. Ashe ba zama ɗaya suka yi a takardar ba. Furannin a cikin layi aka dasa su, yadda shi ma yake sa hoton fasfo in ya buga da hannunsa. Hoton kuwa ɗora shi aka yi a sama, yana yawo.

Yana ganin haka abin ya faɗo masa a rai. Ya tuna daminar bara, lokacin da wata makarantar kuɗi ta matsa masa ya karɓi takardun jarrabawarta a filashi, kowane shafi da ƙaton tambarin makarantar shimfiɗe a bayan rubutu, yana shan tona kamar rijiya ta ɓalle. Haushi ya kama shi a ranar, ya shiga cikin saitin manhajar rubutun yana lalube, har ya samu wani ɗan akwati da ke cewa a buga zane-zanen da aka ɗora a kan takarda. Ya cire alamar da ke ciki. Tambarin ya ɓace, tona ta huta, ya yi ta yabon kansa kwana uku. Bai mayar ba. Ya manta ɗungurungum, kuma da yake shi ke buga komai da hannunsa a cikin layi, babu abin da ya taɓa tona asirin sai yau.

Ya shiga saitin. Ga akwatin nan, wayam. Ya waiga: Ayuba ya ba shi baya, Peace na riƙe da hannun ubanta, 'yan kallo duk hankalinsu na kan su biyun. Babu wanda ya gani. Ya danna, alamar ta koma mazauninta, ya rufe wajen, ya tura bangon farko.

Takardar ta fito da furanni sama da ƙasa, Mama Lami a tsakiya tana dariya. Peace ce ta fara hangowa. Ta shigo da sauri ta ɗauka da hannu biyu, ta manna a ƙirji, kukan da take dannewa tun safe ya ƙwace mata. Sada bai dube ta ba, ya loda takardu ya saki aikin gaba ɗaya. Firinta ta kama aiki ba tsayawa. Ayuba ya shigo ya tsaya a kanta yana kallon fuskar uwarsa na fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Da a nan aka tsaya, da Sada ya fita fes. Hanyoyi a buɗe suke gabansa: ya ce kwamfuta ce ta yi halinta, ko ya ce yarinyar ce ta ɗora hoton ba daidai ba shi ya gyara, wanda ma akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Kowa zai yarda, har a ƙara masa da yabo. Sai Peace ta share hawaye ta matso kusa da shi.

"Baba, don Allah mene ne na yi ba daidai ba? Ka nuna mini. Tun ɗazu nake cewa ni na jawo wa Kaka wannan."

Ya dube ta. Sa'a guda ya yi yana ɗora mata laifi da safen nan, ta kuma ɗauka ta riƙe, za ta tafi da shi har bakin kabari. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun yana masinja. Ya so ya yi tsaki ya kore ta, tsakin ya ƙi fita.

"Ba ki yi komi ba, ɗiyata," ya ce. "Aikinki daidai yake. Wata alama ce a cikin saiti, ita ke barin hoto irin wannan shi fita. An cire ta."

"Wa ya cire?" Ayuba ne ya tambaya, bai ɗago daga kan firintar ba.

"Ni."

"Da hannunka."

"Da hannuna. Amma tun bara ne, wata makaranta ce ta kawo..."

Ayuba bai tsaya jin sauran ba. Ya juya ga mutanen da ke bakin ƙofa, ya buɗe hannuwa, ya ce, "To, kun dai ji da kunnenku."

Sun kuwa ji. Abin da suka ji shi ne Malam Sada ya ce ni na cire, da hannuna. Zancen bara da makaranta da tambari da tona, wa zai tsaya bin wannan? Sada ya buɗe baki zai yi bayani, shi da bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya ji harshen ya yi nauyi. Zai iya rantsuwa da Alƙur'ani bai cire alamar don Ayuba ba, kuma rantsuwarsa gaskiya ce. Amma in aka ce ya rantse bai ji daɗi ba, bai kuma ja ƙafa sa'a guda yana girgiza tona ba, nan fa ba zai iya ba. Ya rufe bakinsa, ya jawo sitafula ya fara haɗa littattafan.

Su uku suka haɗa. Shi yana ninkewa yana dannawa, Peace na jerawa a kwali, Ayuba na tsaye yana buɗe kowane ɗaya yana duba bango kafin ya bari a saka. Goma da minti ashirin suka gama. Peace ta durƙusa ta yi godiya, ta ce ita ta yarda da abin da ya faɗa. Uban ya ɗauki kwalin ya ce mata ta tashi, ba a gode wa mutum don ya fasa mugunta. Sada ya ce Allah ya kai su lafiya. Ayuba ya sa kwalin a bayan mota ya rufe da ƙarfi, suka tafi.

Kafin azahar labarin ya zaga Ƙofar Durbi, ya dawo da ƙari. A wajen mai shayi an ce Sada ya riƙe gawa awa uku don ya rama abin da aka yi masa a wurin aiki. A bakin masallaci an ce shi da bakinsa ya amsa. Tanko, wanda shi ya kunna wutar, ya zo yana sosa ƙeya wai shi fa wasa yake, ya kuma ƙara da cewa amma Malam ai da ka bari sai wani lokacin, mutuwa ba abin ramuwa ba ce. Wato shi ma ya yarda. Sada ya ci gaba da tsince takardun da suka lalace daga ƙasa.

Bayan la'asar Alhaji Ɗanliti dillalin filaye ya zo karɓar yarjejeniyar da ya bayar tun jiya. Shekara goma sha biyu yana kawo wa Sada aiki, kuma ba ya karatun boko ko kaɗan. Suka gaisa, Sada ya zaro takardar daga fayil ya miƙa masa. Alhajin ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama yana hasko ta da hasken ƙofa. Ya yi ɗan tari. Ya ce ba wai wani abu ba ne, amma wanda ya sayi filin nan, ya ji an ce sun taɓa samun saɓani da Malam a kan maganar kwata. Sai ya leƙa waje ya ƙwala wa wani malamin makaranta da ke wucewa kira, ya ce don Allah ya zo ya karanta masa wannan daga sama har ƙasa, a ga ko komai ya fito.

Mutanen layin suka yi tsit suna jiran aradu ta faɗi. Malam Sada ya tashi a hankali, ya jawo kujerarsa ya ajiye wa malamin a inda haske ya fi, ya koma gefe ya tsaya yana saurare har aka karanta ta ƙare.